MORIYAR GANGA

Hausawa su kan ce wane ya ci moriyar ganga ya ya da kwaurenta. Da wannan magana su ke zargin wanda ya mori mutum, sa'an nan da amfaninsa ya ƙare sai ya juya masa baya. Kowa ya yarda wannan mugun hali ne in ɗan Adam aka yi wa. To, in dabba aka yi wa fa? Dabbar da ta yi wa mutum bauta har ƙarfinta ya ƙare, tana da wani hakki a kansa, ko kuwa ita ma kamar tsohuwar fartanya ta ke, in ta dakushe sai a jefa ta bayan rumbu? Tambayar da za mu duba ke nan, kuma za mu dube ta ta kan wata dabba wadda ba a cika ganin irin aikinta a nan ba, watau karen da ke yi wa makaho jagora a Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turawa.

A wurinmu yaro ne ɗan jagora, shi ke riƙe sanda yana gaba makaho na biye. Kare kuwa mun san shi da farauta da gadi. A waɗancan ƙasashe an horar da kare ya ɗauki aikin yaron nan. Abin ya kafu ne a Jamus lokacin Yaƙin Duniya na Farko, sa'ad da sojoji da yawa suka komo daga fagen fama sun makance. A shekarar 1916 aka buɗe makarantar horar da karnukan jagora a garin Oldenburg. A 1927 wata Ba'amurkiya mazauniyar Suwizalan, Dorothy Eustis, ta rubuta labarin irin wannan makaranta da ta gani a Potsdam, aka buga a wata mujallar Amurka. Aka karanta wa wani saurayi makaho labarin, sunansa Morris Frank, mutumin Nashville. Ya rubuta mata takarda, ta gayyace shi, ya tafi can a 1928, ya komo da wata karya mai suna Buddy. A 1929 su biyun suka kafa makarantar da a ke kira The Seeing Eye, wadda har yanzu tana aiki a jihar New Jersey. A Ingila kuwa wasu mata biyu, Muriel Crooke da Rosamund Bond, su suka fara abin a garin Wallasey a 1931, da karnuka huɗu.

Ya kamata mai karatu ya san yadda a ke samun irin wannan kare, don a nan ne tushen maganarmu ya ke. Manyan makarantun nan ba tsintar karnuka su ke yi a titi ba. Su ke zaɓen uwa da uba, galibi daga irin da a ke kira Labrador, ko Golden Retriever, ko karen makiyayan Jamus, su haɗa su don a sami 'ya'ya masu lafiya da sanyin hali. In kwikwiyo ya kai mako bakwai ko takwas sai a ba da shi riƙo ga wani gida na masu aikin sa kai. Nan zai zauna shekara guda ko fiye kaɗan, ana koya masa ladabi, ana shiga da shi kasuwa da tashar jirgi da cikin mota, har ya saba da hayaniya. Daga nan a mai da shi makaranta, gwanaye su yi watanni suna horar da shi. In ya kusa shekara biyu sai a haɗa shi da makahon da tafiyarsu da halinsu suka dace, su zauna tare 'yan makonni suna koyon juna.

Akwai wata ɗamara da a ke ɗaura masa a ƙirji, mai dogon mariƙi, da ita makaho ke jin duk inda karen ya karkata. Karen ya kan tsaya a bakin titi da gindin matakala, ya kauce wa rami, ya lura da reshen itace wanda shi ba zai taɓa shi ba amma zai bugi goshin ubangidansa. Ba ya karanta fitilar hanya. Makahon ne ke sauraron motoci, in ya ji hanya ta buɗe ya ce a tafi. Amma in ya ce a tafi alhali ga wata mota tafe da bai ji ba, an koya wa karen ya ƙi. Wannan ƙin umurni don ceton mai umurnin shi ne ƙololuwar horon. Kuɗin da a ke kashewa a kan kare guda a Amurka ya kan kai dala 50,000 ko fiye, kuma yawancinsa gudummawar jama'a ce. A makarantar The Seeing Eye abin da makaho ke biya na karensa na farko dala 150 ne, tun 1934 ba a ƙara ba, tsohon soja kuwa dala 1.

Karnuka iri biyu ke fita daga wannan aiki. Na farko shi ne wanda ya tsufa. Bayan ya yi shekara shida zuwa takwas yana jagora, sai sanyin ƙashi ya kama shi, ko yana ta rufe masa ido, ko ya fara nawa a wurin da a ke bukatar hanzari. Galibi yana da shekara takwas zuwa goma a ke kwance masa ɗamara, alhali irin Labrador ya kan kai shekara goma sha biyu ko sha uku a duniya. Na biyu shi ne wanda bai ci jarrabawa ba. Wani gaɓar ƙugunsa ce ba ta zauna daidai ba, wani ƙaiƙayin fata ke damunsa, wani tsoron tsawa ya ke yi, wani kuwa in ya ga kyanwa ko kurege sai ya manta da kome. Irin waɗannan suna da yawa, a wasu makarantu har su kan kai kusan rabin waɗanda aka haifa.

Ga yadda a ke yi da su. Tsohon kare, ubangidansa makaho shi ke da zaɓi na farko, in yana so ya ci gaba da riƙe shi. In ba hali sai ya ba wani ɗan'uwa ko aboki. In babu, a kan tuntuɓi gidan da ya rene shi yana kwikwiyo. In su ma ba su iya ba, sai makaranta ta duba cikin jerin mutanen gari da suka rubuta suna so. Wanda ya faɗi jarrabawa kuwa, da fari a kan duba ko zai dace da wani aiki, kamar sansano miyagun ƙwayoyi, ko taimakon kurma, ko zama da yaro mai wata lalura. In bai dace ba shi ma a nema masa gida. Masu so sun fi karnukan yawa, har mutum ya kan yi shekaru yana jira.

To, yanzu bari mu saurari mai gardama, don maganarsa ba ta wofi ba ce. Zai ce: "Wane bashi kare ke bin mutum? Bai yi yarjejeniya da kowa ba. Bai san lada ba, bai san fansho ba. Duk kwanakin da ya yi yana aiki an ci da shi, an yi masa magani, ya kwana a ɗaki mai ɗumi. An biya shi ke nan tun yana aiki. In ya tsufa, likita ya yi masa allura ya huta, a ɗauko sabo."

Wannan gardama tsohuwa ce ƙwarai. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce an yi wani babban mutum a birnin Rum mai suna Cato, wanda ya shahara da tsimi. Shawararsa ga manomi ita ce ya sayar da tsofaffin shanu da tsofaffin kayan aiki, har da bawan da ya tsufa ko ya kamu da ciwo. Shi da kansa ya bar dokin da ya yi yaƙi a kansa a ƙasar Sifen, don kada hukuma ta biya kuɗin jirginsa. Daga baya wani malamin Girka mai suna Plutarch, da ya zo rubuta tarihinsa, ya yabe shi a kan abubuwa da yawa, amma a nan ya saɓa masa. A ganinsa alheri ya fi shari'a faɗi, don shari'a tsakanin mutane ta tsaya, alheri kuwa ya kan malalo har ya kai ga dabbobi, kuma mutumin kirki ya kan ci da dokinsa da karensa bayan sun tsufa. Ya kuma ba da labarin mutanen Atina, waɗanda suka saki alfadaran da suka fi wahala wajen ginin babban ɗakin bautarsu, suka bar su suna kiwo ba mai ɗora musu kaya.

Mai karatu ya lura da wani abu a cikin lissafin Cato. Ya fara da sa, ya ƙare da bawa. Wanda ya saba auna rai da ma'aunin amfani ba ya tsayawa a kan dabba. Abin da Immanuel Kant, masanin falsafa na Jamus wanda ya rasu a 1804, ya hanga ke nan. Ya kawo misalin mutumin da ya harbe karensa don ya tsufa ba ya sauran amfani. A ra'ayinsa mutumin bai zalunci karen ba, tun da kare ba ya da hankalin da zai yi hukunci, amma ya ɓata tausayin da ke cikin zuciyarsa, wanda mutane ke da hakki a kansa. Wannan hujja ce mai ƙarfi, sai dai ta tsaya a rabin hanya, don ta mai da karen kamar allon da yaro ke koyon rubutu a kai. Wani Bature na Ingila, Jeremy Bentham, ya ƙarasa ta a 1789, da ya nuna cewa abin dubawa game da dabba shi ne ko tana jin wahala, ko da ba ta iya tunani ko magana ba. Kare kuwa yana jin zafi, yana jin tsoro, yana jin kewa. Duk wanda ya taɓa ganin kare ya ƙi cin abinci don ubangidansa ya yi tafiya ya san haka.

Duk da wannan, in muka dogara ga rama alheri kaɗai, za mu rasa abin faɗi game da kare na biyu. Tsohon kare ya yi aiki, sai mu ce muna saka masa. Wanda ya faɗi jarrabawa fa? Bai taɓa tsallakar da kowa titi ba. Kuɗi kawai ya ci. In godiya ce tushen hakki, to shi ba ya bin kowa kome. Amma zuciya ba ta yarda da wannan hukunci ba, kuma zuciya ce ke da gaskiya. Dalili kuwa, hakkin ya samo asali ne tun kafin aikin. Mutane ne suka zaɓi uwarsa da ubansa. Su suka raba shi da uwar yana ɗan mako bakwai. Su suka koya masa kada ya bi abin farauta, kada ya ɗauki abinci a ƙasa, kada ya yi haushi, ya riƙa duban fuskar mutum a kan kome. Watau sun kwance masa duk makaman da kare ke rayuwa da su shi kaɗai, suka mai da shi ba ya iya zama sai da mutum. Wanda ya jawo wa wani bukata da gangan, biyan bukatar ya hau kansa, ko ya ci riba ko bai ci ba. Nauyin da ke wuyan mutum game da tsohon karen da na wanda ya faɗi duk ɗaya ne, sai dai na tsohon an ƙara masa godiya a kai.

Kalmar faɗuwa ma tana bukatar a dube ta da kyau. Karen da ke bin wari duk inda ya ji shi bai dace da jagora ba, amma wannan halin shi a ke nema ga karen da ke binciken kaya a filin jirgin sama. Wanda ke son kowa da kowa har ya kan manta da aikinsa, shi ne abokin zama na gari a gidan da ke da yara. Jarrabawar ta nuna bai dace da aiki guda ba, iyakar abin da ta nuna ke nan. Saboda haka wasu makarantun Amurka ba su kiran irinsa wanda ya faɗi, sai su ce ya sake sana'a.

Mai gardama yana da sauran magana, kuma wannan ta fi ta farko nauyi. Zai ce: "Ga mutane suna kwana da yunwa, ga makafi da yawa a duniya ko sandar kirki ba su da ita, sai a ɗauki kuɗi a kashe wajen jinyar tsohon kare?" Gaskiya ne, ran mutum yana gaba da na kare, kuma in abinci guda ya rage tsakanin yaro da kare, na yaro ne. Amma a nan ba a sa su a ma'auni guda ba. Wanda ya karɓi tsohon kare galibi da aljihunsa ya ke ci da shi, ya rage wa makaranta nauyi ke nan, ta sami wuri da kuɗin horar da wani. Ban da haka, makahon kansa yana cin moriyar wannan tsari. Mutumin da ya yi shekara bakwai ransa na hannun kare, in ya san ran da ya ce karen ya gaji ran nan za a kashe shi, ba zai faɗa ba. Zai yi ta ɓoye raunin karen, yana bin titi da jagoran da ba ya gani sosai, har wata rana mota ta same su. Sanin cewa akwai gida mai kyau da ke jiran karen shi ke ba shi ƙarfin zuciyar sallamarsa a kan kari.

An taɓa gwada hanyar Cato a zamanin nan, an kuma ga inda ta kai. Sojan Amurka sun yi aiki da karnuka kimanin 4,000 a yaƙin Biyetnam, masu gano nakiya da masu kwanton ɓauna. Hukuma ta lasafta su cikin kayan aiki. Da aka tashi janyewa, waɗanda aka fitar daga ƙasar kimanin 200 ne kawai. Sauran, ban da waɗanda suka mutu a fagen fama ko da ciwo, an kashe wasu, an bar wasu a can. Sojojin da suka riƙe su sun yi shekaru da wannan baƙin ciki. Sai a shekarar 2000 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta buɗe hanyar ba da tsofaffin karnukan soja ga masu son riƙonsu.

Ga kuma misalin ɗaya hanyar. Ran 11 ga Satumba 2001, sa'ad da aka kai hari Cibiyar Ciniki ta Duniya a New York, wani makaho mai suna Michael Hingson yana ofishinsa a hawa na 78, karyarsa Roselle na kwance ƙarƙashin tebur. Ita ta sauko da shi ta matakala, cikin hayaƙi da cunkoso, har suka fita. A 2007 ciwo ya sa aka kwance mata ɗamara. Ya karɓi sabuwar 'yar jagora, amma Roselle ta ci gaba da zama a gidansa har ta mutu a 2011. Ba kowane makaho ke da halin yin haka ba. Wani ɗakinsa ɗaya, wani ba ya iya ci da karnuka biyu, wani kuma tsohon karen ba ya jure ganin an ɗaura wa baƙo ɗamararsa an fita an bar shi. Irin wannan in ya miƙa karensa ga gidan da za a kula da shi, bai yi butulci ba. Ya sauke nauyin ne ta hannun wani, kuma sau da yawa shi ya fi kowa jin zafin rabuwar.

Saura mu dubi shi mai karɓa, don shi ma akwai tambaya a kansa. Mutum biyu su kan rubuta suna a takarda guda da niyya dabam. Ɗaya ya ji labarin ana ba da kare mai horon dubban daloli da araha, ya zo cin banza. Ɗaya kuwa ya san tsufa ya zo ɗauka. Makarantu sun san da haka, shi ya sa su kan yi tambayoyi, su kan kuma zo su duba gida. A Ingila ƙungiyar karnukan jagora ta kan shar'anta kada a bar karen shi kaɗai fiye da awa huɗu, domin dabbar da ta yi rayuwarta duka a gefen mutum dare da rana, kaɗaici azaba ne gare ta. Mai karɓa zai biya kuɗin likita, waɗanda ƙaruwa su ke yi kowace shekara. Zai yi haƙuri da karen da ke tashi tsaye duk sa'ad da ya ji motsin makulli, yana tsammani aiki za a tafi. Ba shi da izinin ɗaura masa ɗamara ya shiga da shi kanti ko jirgi da sunan ɗan jagora, don wannan zamba ce da ke jawo wa makafi na gaskiya tuhuma, kuma a jihohi da yawa na Amurka laifi ne. A ƙarshe, cikin shekara biyu ko uku ko huɗu, shi zai tsaya a kansa ran da zai mutu. Wani ya ci ƙuruciyar karen, shi kuwa ya karɓi tsufansa da ido buɗe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, wanda ya san ba zai iya wannan ba gara ya bari.

Mai karatu zai ce, mu da ba mu da irin waɗannan karnuka, ina ruwanmu? Ruwanmu kuwa shi ne hukuncin da muka fitar bai tsaya ga kare ba. Mun ga cewa wanda ya sa wani rai ya dogara gare shi, ba ya da ikon sakinsa don amfani ya ƙare. Mun kuma ga cewa kasawa a aiki guda ba ta share hakki. Kowa ya duba gidansa da wannan ma'auni. Akwai jakin da ya yi shekara goma yana kai kaya kasuwa, yanzu bayansa duk miki. Akwai barar da ya tsufa a zaure. Akwai yaron da aka sa makaranta bai ci jarrabawa ba, aka daina kiran sunansa in ana lissafin 'ya'ya. Da yawa cikin masu karanta wannan littafi sai da suka girma suka koyi karatu, bayan an daɗe da yanke musu ƙauna, saboda haka sun fi kowa sanin cewa hukuncin farko ba shi ne na ƙarshe ba.

Kafin mutum ya ɗauki dabba, ko bara, ko almajirin sana'a, ya kamata ya lasafta har da kwanakin da ba za su amfane shi da kome ba, ya tambayi kansa ko zai iya ɗaukarsu. In zai iya, madalla. In ba zai iya ba, ya nemi wanda zai iya tun da sauran lokaci, kamar yadda makarantun nan ke yi. Tsohon doki sai mai shi, in ji mutanen da, kuma mai shi na gaskiya shi ne wanda ke kai masa harawa bayan an daina hawansa.